'Yata ta kamu da son wasan haɗa hoto, in ƙara mata ko in rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Unguwar Dosa nake rubuto miki, nan Kaduna. 'Yata shekararta uku da wata takwas. Goggonta ce ta kawo mata tsarabar wasan haɗa hoto, irin wanda ake yayyanka hoto yaro ya mayar da shi yadda yake. Tun daga ranar ba ta da aiki sai shi. Mai guntu 12 ne, ta haɗa ta wargaza ta sake haɗawa har ta haddace, yanzu kuka take a sayo mata wani. Hajiyar maigidana ta ce ɓata lokaci ne, sa'o'inta suna can suna rubuta ABCD. Wata maƙwabciyata kuma ta ce yaron da ke zama shiru shi kaɗai haka ya kamata a bincika shi. Don Allah akwai amfani a ciki? Ina kuma da jariri mai rarrafe.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki ita da ƙaninta, ya yi musu albarka.

Ki ƙara mata, 'yar'uwa. Na daɗe ina koyar da 'yan nazare a garin nan kafin in koma horar da malamansu, kuma yaron da ya kama wasan nan da kansa, ba wanda ya tura shi, ban taɓa ganin dalilin hana shi ba. Sai dai ƙarin da nake nufi ya wuce zuwa kanti. Rabinsa yana ga wanda ke zaune kusa da ita.

Kafin ki sayi komai, ki samu yammaci guda ki zauna gefenta ki zuba mata ido, kada ki ce uffan. Idan ta ɗauki guntu, me take fara yi? Yawancin yaran da ba su daɗe da cika uku ba, hannunsu kan riga idonsu. Yaro zai kai guntu wannan gurbin, ya ƙi shiga, ya kai wancan, ya danna da babban yatsa, in abin ya ci tura ya dunƙule hannu ya doka. Ba ruwansa ko tayar mota ta hau kan rufi, shi dai ta shige. To wata rana sai ki ga abin ya canza. Zai ɗaga guntun ya tsaya cak, harshe a ɗan waje, ya dubi guntun, ya dubi abin da ya riga ya haɗa, ya ce ƙasa-ƙasa, “wannan fitilar mota ce,” ya juya shi tun yana sama, sannan ya ajiye sau ɗaya ya zauna daram. Har yau in na ga wannan a wurin yaro sai raina ya yi fari. Ya gane ke nan cewa ɗan kwalin da ke hannunsa sashe ne na wani abu babba da bai kammalu ba tukuna, kuma cikakken hoton yana riƙe da shi a ka.

Masu bincike sun auna wannan sauyi. A 2020 Martin Doherty na Jami'ar East Anglia da ke Ingila da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa yara 169, 'yan shekara uku zuwa biyar. Sun ba su wasan iri-iri: wani da hoto da yankan da aka saba, wani babu hoto sai siffar yanka, wani kuma akwai hoto amma guntayen duk siffarsu ɗaya. Suka ga 'yan shekara uku lalube suke yi, sai wajen shekara huɗu yaro ke fara dogaro da hoton. 'Yarki tana bakin wannan gaɓa daidai, kuma a ganina shi ya sa abin ya kama ta haka. Yaro yakan nace wa abin da yake gab da iyawa.

Juyawar nan da yake yi tun guntun na sama ita ta fi jan hankalin masana. Iya juya abu a zuci kafin hannu ya taɓa shi ƙwarewa ce da ake koya, kuma sana'o'i da yawa a kanta suke tsaye. Telan da ya shimfiɗa atamfa yana kallonta kafin ya sa almakashi, yana lissafin yadda zanen zai haɗu a ɗinkin kafaɗa, da ita yake aiki, haka magini da makanike da likitan da ke duba hoton ƙashi. A 2012 Farfesa Susan Levine ta Jami'ar Shikago a Amurka da tawagarta sun wallafa binciken da suka yi a gidaje 53. Duk bayan wata huɗu sukan je su ɗauki bidiyon minti 90 na yaro da iyayensa suna harkokinsu na yau da kullum, tun yaron yana wata 26 har ya kai wata 46. Da yaran suka kai shekara huɗu da rabi aka gwada su a kan juya siffofi da haɗa su a ka. Waɗanda aka gani suna wasan haɗa hoto sun fi sauran, ko bayan an cire bambancin arziki da ilimin iyaye da yawan maganar da ake yi wa yaro a gida. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai yi alkawarin duk wanda aka saya wa zai zama injiniya ba.

Akwai abin da ya shafe ki kai tsaye a binciken, tunda mace gare ki. An lura yara maza sun fi samun wasan mai wuya, kuma iyayensu sun fi yi musu magana a kan siffa da matsayin abu yayin wasan fiye da iyayen yara mata. A Amurka ke nan, amma irinsa na nan a gidajenmu: a saya wa namiji mota da bulo, a ce mace 'yar tsana ta ishe ta. 'Yar tsana tana da nata amfanin. Amma yarinyar da ta nuna da kanta tana son haɗa abu, asara ce babba a kautar da ita.

Maganar siffar nan ita ce aikinki na farko, kuma ba ta cin ko kwabo. Idan kin zauna da ita, ki riƙa kiran abin da ido ke gani da sunansa: sama, ƙasa, gefe, tsakiya, kusurwa, miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, a kife, a karkace. Maimakon “a'a, ba nan ba, can,” sai ki ce, “Duba wannan, gefensa ɗaya a miƙe yake sak. Ina wurin da yake a miƙe a jikin hoton?” Ko, “Wannan kunnensa biyu, raminsa ɗaya. Wane ne ke neman kunne?” Ko, “Jan ya ƙare a nan, ina sauransa ya tafi?” Da Hausa za ki yi. Na sha ganin iyaye suna ƙoƙarin yi da Turanci don a ce ana koyarwa, sai maganar ta ƙare a kalma uku, alhali da harshen da uwa ta fi sakewa a cikinsa ne bayani ke fitowa da yalwa. Turancin za ta same shi a makaranta, kuma zai fi zama mata in ta riga ta san abin a hannunta.

Aiki na biyu ya fi wuya, shi ne riƙe hannunki. Kina ganin guntun ga shi can kusa da gwiwarta, kin san inda zai zauna, tukunya na jiranki a wuta, ita kuma tana ta danna wani a gurbin da ba nasa ba. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Ki daure, don duk guntun da kika sa mata kin ɗauke daidai wurin da koyon yake. Taimako hawa-hawa ne. Da farko ki yi shiru ki ba ta lokaci, sau da yawa tana gab da ganowa ne muke katse ta. In ta ɗago ta dube ki, ki yi tambaya irin waɗancan. In bai yi ba, ki nuna mata ɓangaren hoton da yatsa, ban da gurbin. In har yanzu ta cije, ki tsamo guntaye uku ki matso da su gabanta ki ce yana cikin waɗannan. Iyakar abin da za ki yi shi ne ki juya guntun ya fuskanci daidai ki miƙa mata, ajiyewar tata ce. Guntun ƙarshe kuwa, ko kusa kada kowa ya taɓa mata shi. Tun 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka bayyana irin wannan taimako, bayan sun kalli 'yan shekara uku zuwa biyar suna gina dala da katakai: a rage wa yaro yawan abin da zai yi fama da shi a lokaci guda, a nuna masa abin dubawa, a janye da zarar ya fara iyawa. Janyewar ce ke ba iyaye wuya, har da malamai.

Za ta yi fushi, ki sa wannan a ranki. Wata rana za ta watsar da guntayen ta fashe da kuka. Kada ki ce mata ai abu ne mai sauƙi, don abin da za ta ji shi ne ita ce ta kasa. Ki ce, “Ya ba ki haushi ko? Wannan da wuya. Mu bar shi a faranti, bayan la'asar mu dawo masa.” Ki bar shi yadda ta bar shi, kada ki ƙarasa mata bayan ta yi barci. Yaron da ya saba ajiye aiki rabi ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, ya samu abin da zai yi masa rana a hadda da lissafi da koyon kowace sana'a. In ta gama, ki yabi abin da ta yi ki ambace shi: “Masha Allah, kin yi ta juya shi har ya shiga.” Ya fi “kin fi kowa ƙwaƙwalwa,” don yaron da aka saba ce wa haka yakan fara gudun abu mai wuya, kada girmansa ya faɗi. Ina kuma roƙonki, kada a mayar da ita abin nuni. Baƙi sun zo, “zo ki haɗa wa Anti ta gani,” ana ɗauka a waya, ana duba minti nawa ta yi. Na ga yara da dama da suka bar wasan kwata-kwata daga ranar da ya zama jarrabawa.

Haddacewar kuma kada ta dame ki. Maimaita abu ɗaya ɗabi'ar wannan shekaru ce, kamar yadda za ta ce ki sake mata tatsuniyar da kika yi jiya da shekaranjiya. Kowane zagaye hannu na ƙara saiti, kuma tana jin daɗin cewa ga abin da ta iya tsaf. Amma tunda da bakinta ta nemi wani, lokaci ya yi. Daga 12 ki je 20 ko 24, kada ki yi tsalle zuwa 100. A abin da na saba gani, ɗan shekara uku yakan yi 12 zuwa 24, ɗan huɗu 24 zuwa 48, ɗan biyar ya haura haka, amma yara sun bambanta ƙwarai, kuma ƙaramin da ya saba yakan fi babban da bai saba ba. Ita za ki duba, ki bar shekarun da aka rubuta a kwali. In tana gamawa nan da nan tana hira, ya yi mata sauƙi. In ba ta iya haɗa ko guntu biyu sai da ke, ya yi mata yawa, ki ɓoye shi zuwa wata biyu ko uku. Wanda ya dace shi ne wanda take yin mafi yawansa da kanta, ta cije a wuri biyu ko uku.

Tsohon ma bai gama aiki ba. Ki ɗauke murfin mai hoto ta haɗa da ka. In mai allo ne da gurabe, ki fitar da shi ta haɗa a kan tabarma. Idan ta saba da na biyun, ki cakuɗa su wuri ɗaya ta fara rarrabewa kafin ta haɗa. Wasu yaran har kife guntayen suke yi su haɗa ta baya.

Wurin saye, ki dubi hoton kafin adadi. Ki nemi wanda kowane ɓangare yake da nasa launi da abin ganewa, mota ja nan, bishiya can, gida a gefe. Wanda rabinsa shuɗin sama ne zalla, ko babba sai ya yi gumi. Ki taɓa kaurin kwalin, in yatsa biyu na lanƙwasa shi kunnuwan ba za su daɗe ba. Na katako ya fi ƙarko. Ana samu a shagunan littattafai da manyan kantuna da wurin masu kayan wasan yara a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wani lokaci kuma akan ci karo da masu kyau cikin gwanjo a Kasuwar Barci. In na gwanjo ne, ki zazzage shi a gaban mai kaya ki ƙirga guntayen kafin ki biya, kada kunya ta hana ki. Ku riƙa musaya kuma da iyayen sa'o'inta.

Da yadda kuɗin kaya ya tashi, na fi son in ga iyaye suna yi da kansu. Ki samu kwalin taliya mai kauri, ki liƙa hoto a kai da gam ko kokon sitaci, ki ɗora masa abu mai nauyi ya kwana ya bushe a miƙe, washegari ki zana layuka ta baya ki yanka. Ba sai kin yi kunnuwa irin na kamfani ba, in dai kowane guntu ya bambanta da ɗan'uwansa. Hoton kuwa, kalandar bara ta isa, ko ki ɗauki ƙofar gidanku ko Keke Napep ko jirgin ƙasan Rigasa a waya ki kai a wanke miki babba. Yara sun fi son abin da suka sani. A kiyaye dai, kalandunmu da yawa suna ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, waɗannan ba a yanka su a zube a ƙasa. Gidan da ba a son hoton abu mai rai kuma, motoci da 'ya'yan itatuwa da zanen dagi duk suna yi. In kina son mai ƙarko, kafinta a Panteka zai yanka miki a falanki, ki ce ya goge bakin da sanfefa sosai saboda sartse. Guntu zai ɓata, ba makawa. Ki haɗa sauran, ki sa kwali a ƙarƙashin gurbin ki zana ki yanka, ki ba ta ta shafa masa launi.

Maganar ƙaninta kuma ba na son ki ɗauke ta da wasa, don mai rarrafe komai baki yake kaiwa. Ƙa'idar da ake bi a kayan wasa ita ce duk abin da zai shige bututu mai faɗin kusan santimita 3 bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba, saboda yana iya maƙale masa a maƙogwaro. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar tishu, duk guntun da ya wuce ta ciki haɗari ne gare shi. Ko babban guntu na kwali, in ya tsotse shi ya jiƙe yakan gutsure. Masu ɗan mariƙi a sama, ki riƙa ja kina ji ko ya yi sako-sako. Wanda fentinsa ke ɓarewa ki jefar. Mai maganaɗisu ko ƙaramin batir irin na agogo kada ya shigo gidan yanzu, kuma in yaro ya haɗiye ɗayan biyun nan, asibiti ake nufa nan take, ba a jira. Ki ba ta babban faranti mai baki ta riƙa yi a ciki a kan tebur, ko lokacin da yake barci ko yana goye. In an gama, ku ƙirga tare kafin a ɗaure leda.

Wani zai ce miki ai akwai shi a waya kyauta. Akwai, amma a waya yatsa ɗaya ke jan guntu, in ya kusa gurbin sai ya faɗa da kansa, galibi ma ba a juya shi. Riƙewa da juyawa da jin ya ƙi shiga duk sun tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce 'yan shekara uku zuwa huɗu su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. To a nan ne kawai zan ce ki sa ido. In tana ci, tana barci, tana fita tsakar gida ta yi tsalle da ɓuya da sa'o'inta, ko safe da yamma take haɗawa babu laifi. In ya fara cinye waɗannan, ki sa masa lokaci ki gaya mata tun da wuri: “Idan aka kira magariba za mu tattara.”

Sai maganar Hajiya. Damuwarta ta gaskiya ce, jikarta take so ta yi karatu, kuma a garin da ake ba 'yan shekara uku aikin gida shafi-shafi dole kaka ta ga kamar ana barin tata a baya. Kada ki yi musu da ita, kada kuma ki kai mata sunayen Turawan da na ambata. Ki nuna mata abin da ido zai gani. Yatsu ukun da yarinyar ke ɗaukar guntu da su, babba da manuni da na tsakiya, su ne dai za su riƙe fensir da alƙalami, kuma a wannan shekaru ƙarfafa su ya fi tilasta musu rubutu. Idon da ya saba lura da inda abu ya fuskanta shi ake buƙata wajen raba b da d, p da q, waɗanda ke wahalar da yara har aji ɗaya da biyu. A Islamiyya ma, ba'un da ta'un da sa'un jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su, nawa ne, a sama yake ko a ƙasa. Ban ce wasan zai koya mata karatu ba. Karatu sai an koyar, da hira da waƙa da karanta mata littafi. Amma yana shirya hannu da ido da zaman da karatun zai nema. In maigidanki ya fi ki iya shigar da magana wurin mahaifiyarsa, ki bar masa. In kuma an samu mai haruffa ko lambobi, a ajiye shi a ɗakin Hajiya ya zama nasu su biyu. Kakanni sun fi mu lokaci, sun kuma fi mu haƙurin jira.

Maƙwabciyarki kuwa, na san abin da take tsoro, larurar otizim ce, wadda ke shafar magana da yadda yaro ke hulɗa da mutane. Son wasan haɗa hoto shi kaɗai ba alama ba ce, haka iya zama shiru a kan abin da yaro ke so. Abin da ake dubawa shi ne yadda take da mutane. In kin kira sunanta tana waigowa? In ta gama tana ɗagowa ta nemi idonki, ta ja ki ki zo ki gani? Tana nuna miki abu da yatsa don kawai ku gani tare? Tana haɗa jimloli, tana tambaya, tana wasan girki da goyon 'yar tsana? Yarinyar da ta buɗe baki ta ce a sayo mata wani ta riga ta amsa wasu daga cikin tambayoyin nan. Amma in kin ga ba ta amsa kira, ba ta haɗa ido, maganarta ta tsaya ko ta koma baya, ko ɗan canji kaɗan na jefa ta cikin tashin hankalin da ba ya jin lallashi, ki kai ta wurin likitan yara, misali a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, su duba su tura ki inda ya dace. Ganowa da wuri yana taimakawa ƙwarai, kuma ba abin kunya ba ne. Wani lokaci ma matsalar ji ce, ga Asibitin Kunne na Ƙasa nan cikin Kaduna. Haka in tana kai guntu dab da idonta, ko tana runtse ido ɗaya, ko tana karkata kai kafin ta gani, a je Asibitin Ido na Ƙasa, shi ma nan garin, a auna ta.

Wata rana kuma za ki ga ta yi watsi da shi ta koma zane ko wasan gini. Kada ki matsa mata, ki tattara ki ajiye, da yawa sukan dawo masa bayan watanni da ƙarfin da ya fi na da. In son ya ɗore har ta kai biyar, ki nema mata taswira. Asalin wasan ma daga nan ya fito: a shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa liƙa taswira a kan katako yana yankawa a bin iyakokin ƙasashe don a koya wa yara labarin ƙasa. Ki sayi taswirar Najeriya mai jihohi 36 da Abuja ki liƙa a kwali ki yanka. Ku fara da Kaduna a tsakiya, ta nemo masu jingine da ita: Kano da Katsina da Zamfara ta sama, Neja ta yamma, Bauchi da Filato ta gabas, Nasarawa da Abuja ta ƙasa. Kowace ta ɗauka ki gaya mata wa kuke da shi a can, ko me ake kawowa daga can. Jihohin kudu ƙanana ne, yankansu da wuya, ki fara barinsu a haɗe shiyya-shiyya, in ta saba sai ki rarraba su.